Kafin Ki Sa Bargon Ƙyallayenki a Rabon Kyauta

Wata 'yar'uwa mai ɗinki a gida ta rubuto cewa ta tara buhu biyu na ragowar atamfa, kuma ta ga yadda matan wasu ƙasashe ke haɗa irin waɗannan ƙyallaye su fitar da bargo mai kyau, tana son ta gwada. Mabiyanta a Instagram sun kusa cika dubu, don haka tana da niyyar ranar da suka cika ta ba ɗaya daga cikinsu bargon farko kyauta. Tambayarta biyu ce: ta ina za ta fara ɗinkin, kuma yaya ake rabon a rabu lafiya?

'Yar'uwa, ɗinka bargonki, amma kada ki buɗe baki ki yi wa jama'a alkawarin abin da bai sauka daga kan keke ba. Kuma na farkon ki riƙe shi a gida. Zan faɗi dalili a gaba, bari mu fara da ɗinkin.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda hotunan intanet ke nunawa. Duk wadda ta taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ta ga 'yan lifida da dawakansu. Lifidin nan ƙyalle ne a sama, ƙyalle a ƙasa, a cusa auduga a tsakani, sannan a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Bargon da kike son yi haka yake, bene uku: fuska, ciki da baya. A Amurka kuwa, matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka baje aikinsu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. Ba su da kayan aikin da ya fi naki. Almakashi ne da allura da ido mai gane launi.

Fara da zazzage buhunan ki ware. Atamfar auduga gefe guda, ita ce abokiyar tafiya. Leshi, yadi mai santsi da duk abin da ke miƙewa idan an ja shi, ki ajiye su don wani aikin. Idan kika haɗa mai miƙewa da wanda ba ya miƙewa, bargon zai riƙa tattarewa, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Shadda tana shiga, amma sai an wanke ta ta saki, kuma gara a haɗa ta da 'yan'uwanta.

Wanki kafin yanka wajibi ne, a nan ne masu gaggawa ke yin asara. Sabuwar atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko, wata kuma tana zuba. Jiƙa ja da shuɗi da baƙi daban-daban a ruwan ɗumi, ki jefa ɗan farin ƙyalle a ciki. Idan farin ya rine, ki sake ɗauraye su har ruwan ya fito fes. Wanda ya ƙi daina zuba ki fitar da shi komai kyansa, domin ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin sati uku a wanki guda. In sun bushe ki goge su sumul, ƙyalle mai lanƙwasa ba ya yankuwa daidai.

A karon farko kada ki ɗauko na gado. Yi ƙarami, inci 36 a faɗi da 44 a tsawo, wanda yaro zai zauna a kai ko babba ya rufe ƙafafu da shi a hunturu. Ki yanki kwali mai tauri, murabba'i, inci huɗu da rabi kowane gefe. Shi za ki riƙa ɗorawa a bayan ƙyalle ki zagaye da alli ko fensir ki yanke. Rabin incin nan na ɗinki ne, kwata ta kowane gefe, idan an haɗa sai kowane gida ya dawo inci huɗu cif. Kina buƙatar guda 99, tara a kwance, sha ɗaya a tsaye. Ki daidaita gefen kwalin da yadda zaren ƙyallen ya miƙe, kada ki yanka a karkace. Idan gefen kwalin ya fara cinyewa ki yanki sabo.

Sai jeri, kuma a nan nake so ki ɓata lokaci. Shimfiɗa zanen gado a ƙasa ki jera ƙyallayen a kai. Atamfa tana da surutu, kowacce tana son a kalle ta, in kika jera masu manyan zane kusa da juna ido ba zai sami wurin hutawa ba. Abin da ke fito da bargo shi ne bambancin mai haske da mai duhu, ya fi dacewar launi muhimmanci. Ki raba ƙyallayen kashi biyu, masu haske da masu duhu, ki riƙa sa ɗaya bayan ɗaya. Idan masu hasken sun yi kaɗan, sayi yadi ɗaya na auduga marar zane, ruwan madara ko ruwan toka, ki cike da shi. Da kin gama jeri ɗauki hoto da waya ki mai da shi fari da baƙi. Nan take za ki ga inda duhu ya taru da inda haske ya yi yawa. Ki canza, ki sake ɗauka, ki bar shi ya kwana in da hali. Hoton ƙarshe shi ne madubinki idan yara suka bi ta kai suka watsa.

Baƙin keken nan na takawa, Butterfly ko Singer, ya isa. Auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki liƙa salatif a kan farantin keken, ki riƙa bin gefensa da bakin ƙyalle. Kada ki dogara da ido. Idan kowane ɗinki ya ci ƙyalle fiye da kima da kaurin tsinken ashana, kafin ki haɗa gida tara layin ya gajarce da fiye da inci ɗaya, kusurwoyi kuma ba za su haɗu da na layin ƙasa ba. Haɗa layi-layi da allura mai lamba 14. Ki goge bakin ɗinkin layi na farko ya kwanta dama, na biyu hagu, na uku dama. Idan kika zo haɗa layukan, bakunan za su shige juna su zauna, ba za a sami tudu ba. Gugar kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen.

Abin da za ki sa a ciki ya danganta da inda bargon zai kwana. Mafi yawan shekara zafi muke ciki, saboda haka marar kauri ya fi amfani: tsohon zanen gado na auduga mai laushi, ko siririn bargo da aka wanke. Shimfiɗaɗɗiyar fayiba da masu kujeru ke amfani da ita tana yi, amma ki zaɓi mafi siranta, mai kaurin tana wahalar da keke. Baya kuma yadi ɗaya da rabi na atamfa ya isa. Ki bar cikin da bayan su zarce fuska da kamar inci uku ta kowane gefe.

Shimfiɗa bayan a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, ki miƙar da shi, ki ɗora cikin, ki ɗora fuskar. Sai ki kama su ukun da manyan ɗinkin hannu waɗanda za ki zare daga baya, kina farawa daga tsakiya zuwa gefe. Wannan mataki yana gajiyar da gwiwa da baya, shi ya sa ake tsallake shi, kuma shi ya sa ake samun bargo mai kyau ta gaba, ta baya duk tattara. A kan keke ki sa allura mai lamba 16, ki ƙara tsawon ɗinki, ki ɗan sassauta abin da ke danne ƙafar keken. Fara da layin tsakiya, ki bi gefen mahaɗar ƙyallayen, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu. Kada ki ja bargon, ki tallafe shi keken ya ja da kansa. Daga ƙarshe ki datse gefuna, ki yanki tsaga huɗu masu faɗin inci biyu da rabi daga wannan bakin atamfa zuwa wancan, ki haɗa su, ki ninka biyu, ki ɗinka a bakin bargon ta gaba, ki lanƙwasa baya ki kama da hannu.

Idan na jariri ne, a shimfiɗa shi a ƙasa ya yi wasa a kai. Likitocin yara suna gargaɗi kada a lulluɓe jaririn da bai cika shekara ba da bargo yana barci.

Yanzu batun kyauta. Na ce ki riƙe na farko domin shi ne makarantarki, za ki so ki ga yadda zai yi bayan wanki biyar, inda ya farke da inda ya riƙe. Bai dace ki tura wa baƙuwa abin da ke kanki ba ki jarraba ba, alhali sunanki na jikinsa. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Kyauta mai tsada tana jawo masu neman kyauta, waɗanda ke bin duk shafin da aka ce ana rabo, su watse washegarin sanarwa. Ke kuwa masu son ɗinki kike nema, da waɗanda gobe za su ce a yi musu na suna ko na kayan ɗaki. Rigar filo guda biyu, jakar kayan jariri, ko ƙunshin ƙyallaye 99 da kika riga kika yanke tare da kwalin awo, sun fi jawo irin mutanen da za su zauna. Na ƙarshen nan na fi so, domin babu mai nemansa sai wadda da gaske take son ta koya.

Ko me kika zaɓa, ya zama a kammale yake a hannunki, kin ɗauki hotonsa da rana, kafin ki sanar. Alkawari kaya ne, kuma rashin wuta ko ciwon yaro ko ɗinkin Sallah na iya tsayar da aiki sati biyu, jama'a na jira suna tambaya.

Rubuta sharuɗɗan a wuri guda, kada ki canza su a tsakiyar tafiya. Faɗi abin da za a bayar, wanda ya cancanci shiga, rana da ƙarfen da za a rufe, yadda za a fitar da mai rabo, da wanda zai biya kuɗin mota. Na ƙarshen ne ke haddasa rigima. Ki je tasha ko wurin masu kai saƙo ki ji farashi tun kafin sanarwa, kuma shawarata ki ɗauki nauyinsa da kanki, kyautar da sai an biya kafin a karɓa tana barin ɗaci a rai. Idan kina da mabiya a Maraɗi ko Kumasi kuma ba za ki iya aikawa can ba, faɗa musu tun farko cikin girmamawa. Ya fi a ce wata daga can ta ci sannan ki fara kame-kame.

Kada shiga ta zama da kuɗi, ko na kati ne. Da zarar mutane sun biya don ƙuri'a ta faɗa kan ɗaya, an bar kyauta an shiga caca. Ki kuma sani cewa ƙa'idojin Facebook sun hana a sharɗanta wa mutane su yaɗa sanarwar a shafukansu ko su ambato abokansu kafin su shiga, duk da za ki ga ana yi. Shi da Instagram duka suna buƙatar ki rubuta cewa kamfanin ba shi da hannu a rabon. Maimakon “ki kira ƙawaye goma”, yi tambayar da za ta amfane ki: wane launi suka fi so a ɗakin yaro, ko wa za su ba idan sun ci. Amsoshin za su nuna miki abin da ya kamata ki ɗinka nan gaba. Mutum ɗaya, shiga ɗaya.

Ranar fitarwa ki rubuta sunayen a takardu masu girma ɗaya, ki nannaɗe, ki zuba a kwano, ki kunna bidiyo kai tsaye, wani yaro ya ciro ɗaya a gaban kowa. Idan sunayen sun yi yawa, ba kowa lamba ki yi ƙuri'ar da lambobi. Ki cire 'yan gidanku tun a sharaɗi. Ko da gaskiya ƙanwarki ta ci, babu wanda zai yarda, kuma amanar da kika zubar a nan ta fi mabiya dubu tsada.

Akwai 'yan damfara da ke buɗe shafi da sunanki da hotonki, su ƙara ɗigo ko harafi ɗaya, su bi waɗanda suka shiga suna ce musu sun ci, su turo kuɗin aike ko lambar sirrin da banki ya aiko musu. Rubuta a cikin sanarwar da manyan baƙaƙe cewa daga wannan shafin kaɗai za ki yi magana, kuma ba za ki nemi kuɗi ko BVN ko lambar katin banki ba. Maimaita shi ranar rufewa. Ita kuma wadda ta ci, ki karɓi adireshinta da lambar wayarta a saƙon sirri, kada ki wallafa su, kuma ki nemi izininta kafin ki sa hotonta. Mata da yawa ba sa son fuskarsu a intanet, hoton hannu riƙe da kayan ya wadatar. Ki ba ta kwana biyu ta amsa, in shiru a sake ƙuri'a, wannan ma ya kasance a rubuce tun farko.

Kafin ki naɗe kayan, ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya mai ɗauke da sunan shafinki da shekarar da kika yi shi. Sa 'yar takarda a ciki mai cewa a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, kada a murɗe, a shanya a inuwa. Ki sa shi a leda biyu saboda ƙura da ruwan sama, ki karɓi lambar direba da ta motar, ki tura mata tun motar ba ta tashi ba.