Garin leda ba ya gyara huhun bakwaini

Abin ya fara isata. Uwa ko kaka ta zo ɗakin jarirai da wani gari a 'yar leda, an sayar mata da shi da tsada da sunan "sitem sel", wai yana gyara huhun da oksijin ya lalata. Ƙwayoyin tushe, wato "sitem sel" ɗin, rayayyu ne, ba sa rayuwa a busasshen gari, kuma in an haɗiye su ciki narkar da su zai yi. Kada a ɗura wa bakwaini komai irin wannan. Yaron da ke fama da numfashi yana iya shaƙar abin da aka ɗura masa ya wuce huhu, a nemi gyara a ƙara ɓarna.

Ciwon dai gaskiya ne. Likita William Northway ya bayyana shi a Amurka a 1967: huhun da bai ƙosa ba, in ya daɗe yana shan oksijin mai yawa da matsin na'urar numfashi, sai ya kumbura, jakunkunan iskarsa su kasa girma.

Binciken da ake yi kan ƙwayoyin tushe ma gaskiya ne, amma bai nuna ba tukuna. A Koriya ta Kudu, a 2014, an ba jarirai tara ƙwayoyin da aka ciro daga jinin cibiya ta bututun maƙogwaro, don a ga ko suna cutarwa. Gwaji na biyu a 2021, da jarirai 66, bai nuna amfani a jimlace ba, sai ɗan haske a waɗanda aka haifa a mako na 23 da 24. Duk wanda ya ce muku ku kawo kuɗi yana da wannan maganin a hannu, ku tashi ku ba shi wuri.

Kuma don Allah kada a cire wa jariri oksijin saboda tsoro. Rashinsa yana kisa nan take. Matsalar a awo take, kuma nan laifinmu ne ma'aikata: a buɗe tukunyar iska a bar ta kwana da kwanaki ba mai dubawa. Ku tambaya ko an maƙala masa na'urar awon oksijin a ƙafa. Ana so lambar ta tsaya tsakanin 90 da 95. Ku nemi a duba idonsa, domin oksijin mai yawa yana makantarwa. Mai ciki kuwa, in naƙuda ta taso kafin mako 34, ta garzaya asibiti a yi mata allurar da ke ƙosar da huhun jariri.