Ciwon Mara da Awon Jini

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo na mata. Maza ma su kasa kunne, gama sau da yawa su ke biyan kuɗin magani, su ke kuma ba da izinin zuwa asibiti.

A cikin mahaifar mace akwai wata shimfiɗa mai taushi. Kowane wata takan yi kauri. In ba a sami ciki ba sai ta zube, shi ne jinin al'ada. To, akwai matan da irin wannan tsoka kan tsiro musu a wajen mahaifa, kamar a jikin ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji. In wata ya zagayo ita ma sai ta yi jini, amma jinin ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya kumbura, ya yi tabo, har kayan ciki su manne da juna. Likitoci suna kiran ciwon endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da shi, watau wajen mata miliyan 190.

Mai wannan ciwo takan yi ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, har ta kasa daka, ta kasa ɗebo ruwa. Wata takan ji zafi wajen kwanciya da miji, ko wajen bayan gida. Wata kuma haihuwa ke yi mata wuya. Da, likitoci da yawa suna zaton matan Afirka ba su cika yinsa ba. Ashe ba a duba ba ne. A Ibadan an leƙa cikin mata 239 da suka zo asibitin jami'a da damuwar mahaifa, aka buga labarin a 1915 da ɗari ɗaya, watau 2015. Kusan rabinsu an same su da shi.

Yanzu mu zo Kano. Mutumin ƙauye in ya shigo sayayya Kantin Kwari a Fagge, ko kasuwar Sabon Gari, zai ga ɗakunan awon jini nan da can. Ya saba an ɗiga jini an ce akwai zazzabin cizon sauro, ko babu. Sai ya ce, "To, a auna jinin matata mana, a ga abin da ke damunta." Tunaninsa ba laifi. Amma wannan ciwo bai yarda da haka ba.

Akwai wani awo da ake kira CA-125. Wani abu ne a cikin jini, wanda likitoci a Amurka suka gano a 1981, suna binciken ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai. Yakan ƙaru a jinin waɗansu masu endometiriyosis. Amma yakan ƙaru kuma lokacin al'ada, da lokacin goyon ciki, da in mace tana da ƙari a mahaifa, da in tarin fuka ya kama ciki. Kamar haushin kare ne da dare: ko ɓarawo ne, ko kura, ko maigida ne ya dawo.

A 2016 wata ƙungiyar masu bincike mai suna Cochrane ta tattara bincike 141 da aka yi a kan mata fiye da 15,000. An gwada abubuwa 122 na cikin jini. Ba ko ɗaya da ya isa a dogara da shi.

Mu yi lissafi. Mu ɗauki mata 10, dukansu suna da ciwon. In aka auna CA-125 bisa iyakar da aka saba, watau 35, mata 4 kaɗai zai nuna. Goma a ɗebe huɗu, saura nawa? Shida. Waɗannan shida za su koma gida da takarda mai cewa jininsu lafiya lau, alhali ciwo yana nan. Nan ne haɗarin yake. Miji ya ce raki gare ta. Uwar miji ta ce iska ce, ko sammu. In haihuwa ta yi jinkiri a ce juya ce, wata har igiyar aurenta ta yi rawa, duk a kan takardar da ba ta iya ba da wannan shaida.

Me ke nuna ciwon ke nan? Na farko bakin mai ciwo. Likitan mata yakan tambayi yaushe zafin ke farawa, ina yake tsayawa, kwana nawa yake yi. Sai ya duba ta, ya yi mata hoton ciki na sikanin. Hoton yakan nuna in ciwon ya yi ƙulli a ma'ajiyar ƙwai, amma ƙananan tabo sukan ɓuya masa. In ana bukata sai a sa ta barci, a huda ƙaramin rami kusa da cibiya, a zura madubi a leƙa. Likitocin mata na Turai sun ba da shawara a 2022 cewa kada a yi amfani da awon jini don gane wannan ciwo, kuma ana iya fara magani ba sai an leƙa ba. Akwai ƙwayoyin rage zafi, da ƙwayoyin da ke kwantar da al'ada, da aikin tiyata. Suna sauƙaƙa shi ƙwarai, ko da yake yakan dawo.

Likitocin mata suna manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Murtala a cikin birni da Asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya. Kuɗin motar zuwa can ya fi kuɗin awon da ba likita ne ya rubuta ba amfani.

Tun da mun koyi rubutu, ga aiki. Mai ciwo ta sami takarda, ta rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke. Duk ranar da zafi ya hana ta aiki ta ja layi a ƙarƙashi. In ba ta iya ba tukuna, mijinta ko 'yarta su rubuta mata. Ta yi haka wata uku, ta tafi da takardar wurin likita.