Darasi: Yadda 'yan gasar harbi a Amurka ke lissafin girman bushin

Darasinmu na yau a kan awo ne, kuma misalinmu daga Amurka yake.

A can, masu gasar harbi daga nesa sukan sake cika kwanson harsashin da suka harba. Kwanson na tagulla ne, kuma wuyansa yana buɗewa bayan harbi. Sai an matse wuyan kafin ya riƙe sabon kan harsashi. Abin da ke matse shi wani ɗan zoben ƙarfe ne da ake kira bushin. Kamfanin Redding yana sayar da shi girma-girma, tazarar kowanne da na kusa da shi inci 0.001 ce, wato milimita 0.0254.

Ga lissafin. A .308 Winchester, kaurin kan harsashi inci 0.308 ne. Mu ɗauka kaurin bangon wuyan 0.014 ne. Tunda bango yana gefe biyu, sai a ninka shi: 0.308 + 0.028 = 0.336. Daga nan a cire 0.001 ko 0.002. Bushin ɗin da ake nema ke nan 0.335 ko 0.334.

Me ya sa ake cirewa? Don wuyan ya ɗan fi kan harsashin ƙanƙanta, ya kama shi. Tagulla kuma takan ɗan koma baya idan ta fita daga zoben. Riƙo ya yi sako-sako, kan harsashi ya motsa daga inda aka zaunar da shi. Matsi ya yi yawa, tagulla ta gaji da wuri, wuya ya tsage.

A nan na'urar awo take shigowa. Ma'aunin kauri na dijital da aka saba gani yakan iya kuskuren inci 0.001, daidai da tazarar bushin ɗaya ke nan. Shi ya sa ake amfani da maikuromita, mai karanta 0.0001. Manhajar awo ta waya kuwa ba ta ma shiga wannan sahu ba.

Ka riƙe wannan ko da waya kake gyarawa: ma'auninka ya fi abin da kake aunawa ƙanƙantar tazara, in ba haka ba lambar da ke kan allo za ta yaudare ka.

A kula, a Najeriya doka ta hana haɗa harsashi ko mallakarsa ba tare da izini ba. Lissafin ne namu.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.