Rukunin da Aka Yanka Ba Daidai Ba Yakan Hana Mai Haƙƙi Haƙƙinsa

Galibin tambayoyin da masu bincike ke yi wa jama'a a ƙauyukan gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, a jihar Tawa ta Nijar, amsarsu suna ce ba adadi ba, kamar sana'ar mai gida, da abin da yake shukawa, da inda iyalinsa ke ɗebo ruwan sha, da kasuwar da yake kai amfanin gonarsa. Irin waɗannan amsoshi su ne masana ƙididdiga ke kira bayanan rukuni, domin abin da ake yi da su shi ne a ware su kashi-kashi, a ƙirga nawa suka faɗa kowane kashi, sannan a nuna sakamakon a jadawali ko a zane. Da yake aikin yana da sauƙi a ido, shi ne darasin farko da ake koya wa ɗalibin ƙididdiga, shi ne kuma aka fi rainawa, har ta kai duk wanda ya iya buɗe Excel yana ganin ya isa ya karɓi kwangilar bincike, alhali kuwa a wannan mataki ne ake yanke shawarar wanda za a gani a takarda da wanda zai ɓace daga cikinta.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne rahoton wata ƙungiyar tallafi, wadda ba za a ambaci sunanta ba, da ta yi niyyar raba iri da takin zamani da dusar dabbobi ga gidaje a wasu ƙauyukan gundumomin nan uku bayan daminar da ba ta yi kyau ba. Ƙungiyar ta ba wani mai kiran kansa ƙwararre aikin tantance sana'o'in gidajen, ya kawo mata rahoto mai launuka da yawa, ta fara rabo bisa abin da ya rubuta, kuma sai da koke-koke suka yi yawa sannan aka kawo wa mai wannan rubutu rahoton tare da takardun tambayoyin don ya duba inda gizo ke saƙar.

Ɓarnar ta faro ne tun daga takardar tambaya, inda aka ba da zaɓi huɗu kawai a kan sana'a, wato noma da kiwo da kasuwanci da sauransu, aka kuma ce a zaɓi ɗaya. Duk wanda ya san ƙwarin Maggiya ya san cewa magidanci ɗaya a wajen Galmi ko Dogarawa yakan noma gero da dawa da damina, ya koma albasa da rani, ya zuba ta a rudu ya jira ta yi tsada, ya ɗinke buhuna ya sayar wa masu loda manyan motoci, yana kuma da ɗa da ya tafi ci-rani Legas ko Abijan yana aiko da kuɗi. Matarsa kuwa tana kiwon awaki a bayan ɗaki, tana daka ganyen albasa ta yi gabu, tana soya ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Da aka tilasta wa matasan da suka yi tambayoyin su cusa irin wannan gida a akwati ɗaya, sai kowannensu ya bi son ransa, wani ya rubuta noma, wani kasuwanci, wanda ya rasa yadda zai yi ya jefa shi cikin sauransu. Gidajen da mata ke riƙe da su, na zawarawa da na waɗanda mazajensu suka daɗe a ci-rani, su aka fi jefawa can, domin ba a ɗauki akuya biyar da faifan gabu a matsayin sana'a ba. Sakamakon haka, a jadawalin waɗannan gidaje rukunin sauransu shi ne mafi girma, kuma babu wanda ya tsaya ya buɗe shi ya ga abin da ke ciki, ko mai rahoton ko waɗanda suka biya shi.

Abin da ya fi ɓata rai yana shafi na gaba. Domin sauƙin shigarwa a kwamfuta an ba noma lamba 1, kiwo 2, kasuwanci 3, sauransu 4, wanda hakan ba laifi ba ne, amma sai mai rahoton ya tara waɗannan lambobi ya raba, ya fito da abin da ya kira matsakaicin sana'a na kowane ƙauye, kuma duk ƙauyen da lissafinsa ya faɗi kusa da 2 ya rubuta cewa ƙauyen makiyaya ne. Lambar da aka liƙa wa rukuni alama ce kawai, kamar lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo, kuma ƙauyen da rabinsa manoma ne rabinsa 'yan kasuwa zai ba da 2 daidai ko da babu ko tunkiya ɗaya a cikinsa. Da wannan lissafi aka loda dusa aka kai inda ake buƙatar taki, waɗanda suka karɓa kuma suka kai ta kasuwar Badagishiri suka karyar.

A wani ƙauye da mai wannan rubutu ya je duba jerin sunaye tare da mai gari, wata dattijuwa da ke riƙe da jikoki ta ja shi zuwa garkenta, ta nuna masa awakinta da ƙashin haƙarƙarinsu ya fito, ta ce: “Ɗana, an zo an rubuta mu, to ina aka kai sunana?” Sunanta yana nan a takarda, an rubuta shi daidai, sai dai yana ƙarƙashin sauransu, kuma tsarin rabon bai ware wa sauransu komai ba.

Sauran kurakuran rahoton ba su da iyaka. An tambayi manoma abubuwan da suke shukawa da rani, aka bar kowa ya ambaci fiye da ɗaya, albasa da tumatir da kabeji da masara da alkama, sannan aka zuba amsoshin a zanen faifai, wato da'irar da ake yanka gida-gida don nuna rabon kowane rukuni daga jimla ɗaya, har kason da aka rubuta a jikin yankan ya haura ɗari. A tambayar kasuwar da ake kai kaya an haɗe Illela ta jihar Tawa da Illela ta jihar Sakkwato a Nijeriya, wadda ke tsallaken iyaka daga Birnin Ƙonni, a layi ɗaya, har da wasu amsoshin da ke nufin Allela, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Ƙonni, ta haka cinikin ƙetare iyaka ya narke cikin cinikin gida. Gabatarwar rahoton ma ta yi iƙirarin cewa jama'ar gundumar Ƙonni sun ragu tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2012, aka kuma ɗora laifin a kan ci-rani, alhali dalilin a fili yake: a 2011 Nijar ta ƙara yawan gundumominta daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza daga Ƙonni, aka cire Bagaruwa daga Illela. Ƙidayar Disamban 2012, wadda ta sami mutum 17,138,707 a ƙasar baki ɗaya da 3,328,365 a jihar Tawa, ta lissafa Malbaza ne daban, don haka wanda zai kwatanta shekarun biyu dole ya mayar da ita cikin Ƙonni tukuna. Mutumin da bai san wannan ba bai cancanci a ba shi aikin bincike a yankin ba.

Darasin gajere ne. Kowane gida ya sami rukuninsa, kuma rukuni ɗaya tak. Lambar rukuni ba a tara ta, ba a raba ta. Idan sauransu ya yi girma, tambayar ce ta lalace.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a nanata shi, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa a rahotannin da ke yawo a ofisoshin yankin. Rukunin sauransu an yi shi ne don 'yan tsirarun amsoshi da ba su isa a ba su layinsu ba, kuma da zarar ya kai girman ɗaya daga cikin manyan rukunai, wajibi ne a koma takardun asali a karanta abin da aka rubuta da hannu, a fitar da sababbin rukunai daga ciki. Hanyar kauce wa hakan tun farko ita ce a gwada takardar tambaya a ƙauye ɗaya ko biyu kafin a buga ta da yawa, a zauna da mai gari da shugabar mata da wakilin makiyaya su faɗi yadda mutane ke kiran sana'o'insu, sannan a raba tambayar biyu, babbar sana'a da sana'o'in da ke taimaka mata, ko sana'ar damina da ta rani. Wanda bai ba da amsa ba shi ma a ba shi layinsa daban, kada a tura shi cikin sauransu, kada kuma a share shi a yi shiru.

A wajen nunawa, jadawalin yawan aukuwa, wato jerin rukunai da adadin da ya faɗa kowanne, shi ne tushe, kuma tilas ya ɗauki adadin da kason cikin ɗari da jimlar da aka raba da ita. Kaso ba tare da jimla ba yaudara ne, domin idan aka ce kashi 50 cikin ɗari, yana iya zama gida biyu cikin huɗu, yana iya zama gida ɗari biyu cikin ɗari huɗu. Idan ana son kwatanta Ƙonni da Malbaza da Illela, ko gidajen maza da na mata, sai a yi jadawali mai fuska biyu, rukuni ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a kuma fitar da kason kowace gunduma daga jimlarta, tunda yawan jama'arsu ba ɗaya ba ne. Da an yi wannan jadawali a rahoton da ake magana a kai, da kallo ɗaya ya isa a ga inda matan suka taru.

Zanen sanduna da zanen faifai duk William Playfair, ɗan ƙasar Sikotlan, ya fito da su, na farko a 1786, na biyu a 1801, kuma har yau na sandunan ya fi aminci, saboda ido ya fi iya kwatanta tsawo da tsawo fiye da faɗin yanka da yanka. Zanen faifai bai dace ba sai rukunai kaɗan ne, kowa yana cikin ɗaya, jimla kuma ɗari cif. Tambayar da ake ba da amsa fiye da ɗaya tata sanduna ce. Sanduna su tashi daga sifiri, domin wanda ya yanke gindinsu yana iya mai da ƙaramin bambanci ya zama abin tsoro. Rukunan da ba su da jeri na asali a jera su daga babba zuwa ƙarami, masu jeri kuwa, irin matakan karatu, a bar su a jerinsu. Zane mai tudu da inuwa ado ne kawai. Sunayen garuruwa a ɗauko su daga kundin garuruwa na hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tare da lambobinsu, a daina barin kowane mai tambaya yana rubuta su yadda ya ga dama.

Masu ba da aikin ma suna da kasonsu na laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Sukan nemi mai araha, su ba shi mako guda, su yaba rahoto saboda launinsa, ba sa neman ganin takardar tambaya kafin a fita da ita, ba sa tambayar gida nawa aka ƙirga, sai abu ya lalace a nemi masani ya gyara abin da ba ya gyaruwa, domin amsar da aka cusa a akwatin da ba nata ba tun a ƙauye babu manhajar da za ta fito da ita. A lamarin da aka bayyana sai da aka sake bin ƙauyukan, kuɗin da aka yi tattali ya tafi ninki, kuma kafin a gama lokacin da dusar za ta yi amfani ya wuce.

Kira ga magadan gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma da jami'an ayyukan tallafi a Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne kada su sa hannu a kan wani rabo sai sun ga jadawalin da ke bayan zanen, sun ga jimlarsa, sun kuma sa an buɗe musu rukunin sauransu an karanta musu waɗanda ke ciki. Malaman da ke koyar da ƙididdiga a makarantun jihar Tawa su ma su ba wannan darasi lokacinsa, su sa ɗalibai su tsara rukunai da kansu daga amsoshin mutanen garinsu kafin su taɓa kwamfuta.