Nazarin Littafi Mai Tsarki: Tuban da Ake Gani a Mudu da Rumbu

Idan hadari ya haɗu a gabas a ƙarshen bazara, ba sai an yi wa manomi shela ba. Nan da nan zai fito da iri, ya gyara sungumi, ya tashi yara da asuba. Kusantowar ruwa ce take sauya masa tsarin yininsa. Haka ma labarin kusantowar Mulkin Allah yake: wanda ya gaskata shi ba ya ci gaba da zama yadda ya saba. Wannan nazari zai taimake mu mu ga abin da tuba yake nufi a gida, a gona da kasuwa. Za a iya yin sa a zumuntar mata, ko ta matasa, ko a taron addu'a.

Saƙon farko

Karanta Markus 1:14-15.

Bayan an kulle Yahaya Mai Baftisma a kurkuku, Yesu ya fara wa'azi a Galili. Saƙonsa ya haɗa albishir da kira. Albishir ɗin shi ne lokacin da aka daɗe ana jira ya cika, sarautar Allah ta zo bakin ƙofa. Kiran kuma shi ne mutane su juyo su amince da wannan albishir. Mu lura da jerin: Allah ne ya fara matsowa kusa da mu, tubanmu amsa ce. Ba mu tuba domin mu saye shi.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, kalmar da aka fassara da tuba kuwa ita ce metanoya, wato sauyin tunani da zuciya. Annabawa na Tsohon Alkawari sun yi amfani da kalmar Ibrananci mai ma'anar juyowa. Mutumin da ya kama hanyar da ba ta zuwa garinsu, kuka da nadama ba za su kai shi gida ba, sai ya juya.

Me za mu yi?

Karanta Luka 3:1-14.

Luka ya ce Yahaya ya fara aikinsa a shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, wajen shekara ta 28 ko 29 bayan haihuwar Almasihu, ƙasar tana hannun Romawa. Rukuni uku suka tambaye shi abin da za su yi, ya kuma ba kowanne amsa daidai da rayuwarsa. Ga taron jama'a, mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su ɗora komai a kan abin da aka yanka. Sojoji su bar ƙwace da ƙage, albashinsu ya ishe su.

Abin mamaki, duk amsoshin sun shafi dukiya da maƙwabci. Bai ce kowa ya bar sana'arsa ba, ya ce a yi ta da gaskiya. Fiye da shekara 700 kafin wannan, annabi Amos ya tsawata wa 'yan kasuwa masu rage mudu, masu ma'aunin algus, masu sayar wa talaka shara a matsayin hatsi (Amos 8:4-6).

Mu kawo maganar gida. A tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba, wani yakan ba da bashin buhu ɗaya a biya shi biyu da kaka. Wata takan sayi hatsi da babban mudu ta sayar da ƙarami. Wani yakan ci iyakar gonar gwauruwa kunya ɗaya kowace shekara, ko da yake Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana matsar da iyaka. Idan kayan agaji suka iso, akan sami mai rubuta sunayen danginsa ya bar tsohuwar da ba ta da kowa. Mai yin haka yana iya zama a kujerar gaba ranar Lahadi, amma gida ɗaya yana kwana da yunwa saboda shi.

Tuba mai mayarwa

Karanta Luka 19:1-10.

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai arziki, wanda mutanen gari suke ɗauka mai zunubi. Yesu ya sauka a gidansa tun kafin ya gyara komai. Wannan alherin ne ya buɗe hannunsa. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4. Littafin Firistoci 6:1-5 ya bukaci wanda ya cuci ɗan'uwansa ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki 4 kuwa hukuncin ɓarawon tunkiya ne a Fitowa 22:1. Zakka ya zaɓi ma'auni mai nauyi da kansa, ba wanda ya tilasta masa. A ranar Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidan.

'Yan'uwa, roƙon gafara a gaban Allah wajibi ne, jinin Almasihu kaɗai ke wanke mu. Amma idan kunyar gonar tana hannunmu har yanzu, tubanmu bai kai ƙarshe ba. Mayarwa tana da zafi, tana da jin nauyin idon jama'a. Saboda haka dattawan ikkilisiya su raka mai niyyar gyara, su rufa masa asiri, kada a mai da shi abin hira a bakin rijiya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Da Yahaya zai tsaya a kasuwar garinmu, me zai gaya wa mai awo, dillali, da mai ba da bashi?
2. Su wane ne suka fi shan wuya a cikinmu tsakanin shuka da girbi? Mun san gidajensu?
3. Me yake hana mutum mayar da abin da ba nasa ba? Yaya ikkilisiya za ta sauƙaƙa masa?
4. Za mu iya tara hatsi da kaka a rumbun ikkilisiya, a ranta wa mabukata da damina ba tare da ninki ba? Wa zai riƙe lissafi a fili?

Kafin mu tashi

A Luka 13:6-9 mai lambu ya roƙa a ƙara wa itacen ɓaure marar 'ya'ya shekara ɗaya, ya yi masa noma ya sa taki. Haƙurin Allah dama ce, amma tana da iyaka, kuma da sanyin safiya ake kamun fara. Kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sa abu ɗaya a ransa da zai gyara kafin Lahadi mai zuwa. Sa'an nan mu yi addu'a tare, mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba mu ƙarfin zuwa ƙofar wanda muka cuta, ya kuma ba wanda aka cuta zuciyar yafewa.