Darasin Zuba Jari: Binciken Ƙasa Da Ruwa Kafin Sayen Fili A Legas

Takardar shaidar mallakar fili, wadda gwamna ke bayarwa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana faɗin sunan mai fili, da girmansa, da iyakokinsa, da tsawon shekarun hayarsa. Ba ta cewa uffan game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Akasarin masu sayen filaye a Legas, ciki har da 'yan kasuwarmu na Agege da Mil 12 da Idi-Araba, sukan kashe kuɗi wajen lauya da mai safiyo don tabbatar da ingancin takardu, amma ba sa tunawa da injiniyan ƙasa sai bayan sun biya kuɗin fili. A nan ne hasara ke farawa, domin ainihin farashin fili shi ne kuɗin da aka ba mai sayarwa haɗe da kuɗin da za a kashe kafin ƙasar ta iya ɗaukar gini.

Legas ba ƙasa iri ɗaya ba ce. A Ikeja da Agege da kewayensu akwai jar ƙasa mai ƙarfi a kan tudu, inda harsashi na yau da kullum yakan wadatar da gida mai hawa ɗaya ko biyu. Amma tsibirin Legas da Ikoyi da tsibirin Biktoriya da zirin Lekki har zuwa Ajah, duk suna kwance ne tsakanin teku da tafki, a kan rairayi da taɓo da ruɓaɓɓen ciyayi na fadama waɗanda suka taru sannu a hankali. A wurare da dama, in an haƙa rami mita ɗaya ko biyu sai ruwa ya tsattsafo. Fulotai biyu masu girma ɗaya a unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, saboda ɗaya yana kan tsohon tudun yashi, ɗayan kuwa yana kan tsohuwar ƙorama da aka cike.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda taɓo ke cin amanar gini. Taɓo mai laushi cike yake da ruwa, kamar soso. In aka ɗora masa nauyi, ruwan yakan fita a hankali, ƙasar tana matsewa, abin da ke samanta yana nutsewa. Injiniya Karl Terzaghi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a littafinsa na 1925, kuma a kanta ilmin ƙasar gini ya ginu. Rairayi yakan gama matsewa tun ana cikin aiki, amma taɓo yana iya ɗaukar shekaru. Saboda haka gida yana iya tsayawa lafiya lau ranar da aka tare, bayan damina uku ko huɗu sai ƙofofi su ƙi rufuwa, bango ya tsage daga kusurwar taga, bututun ruwa ya karye a ƙarƙashin daɓe. Nutsewar kanta ba ita ce babbar illa ba in gini ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida. Illar tana zuwa ne in wani ɓangare ya riga wani sauka.

Wannan ne ya sa cike fili da yashi yake yaudarar ido. Mai sayarwa yakan zuba tifa-tifa na yashi a kan fadama, ya daidaita, ya kafa shinge da allo. Wanda ya zo dubawa a watan Janairu zai ga busasshen fili fari fat. Amma taɓon yana nan a ƙarƙashi, kuma yashin da aka zuba ƙarin nauyi ne a kansa, wato ma ya fara nutsewa tun kafin a aza bulo ɗaya.

Ba wai ba a iya gini a irin wannan ƙasa ba ne. Ana yi, sai dai da tsada. Matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a watan Mayu na 2023 a yankin ciniki na Lekki tana kan fili ne wanda asalinsa fadama ce, kuma sai da aka yaso yashi kimanin kubik mita miliyan 65 aka cike wurin, sannan aka kafa turakun kankare masu ɗimbin yawa cikin ƙasa. Haka nan birnin Eko Atlantic an gina shi ne a kan yashin da aka kwaso daga teku, tare da katangar duwatsu da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8 da rabi don kare shi daga igiyar ruwa. Masu irin waɗannan ayyuka sun san yanayin ƙasar tun farko, sun sa kuɗin gyaranta cikin lissafinsu. Ƙaramin mai jari shi ne yakan ci karo da wannan kuɗi a tsakiyar aiki, lokacin da ba ya iya komawa baya.

Binciken kansa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ana haƙa rami mai zurfi da na'ura, ana ɗebo samfurin ƙasa daga mataki zuwa mataki a kai ɗakin gwaji. A cikin ramin akan yi wani gwaji sananne: ana sakin guduma mai nauyin kilo 63 da rabi daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututun ƙarfe ya shiga santimita 30. In bugu bai kai 4 ba a cikin rairayi, ƙasar sako-sako ce ƙwarai. In ya wuce 30, ta yi ƙarfi. Akwai kuma gwajin tura sandar ƙarfe mai tsini cikin ƙasa ana auna turjiyarta, wanda ya yawaita a Legas saboda arha da saurinsa. Daga waɗannan alkaluma ne injiniya zai faɗi irin harsashin da ya dace: ko na rami da aka saba, ko faifan kankare guda wanda zai shimfiɗu ƙarƙashin gidan baki ɗaya, ko turakun kankare da za su ratsa taɓo har su taka ƙasa mai ƙarfi, wani lokaci a zurfin mita 30 ko fiye.

Mu ƙaddara, don misali kawai, fulotai biyu. Na farko a fadama kan Naira miliyan 10, na biyu a kan tudu kan miliyan 16. Idan harsashin na tudu zai ci miliyan 4, na fadama kuwa tsakanin ciko da turaku da magudanar ruwa zai ci miliyan 15, to mai araha ya tashi a miliyan 25, mai tsada ya tsaya a miliyan 20. Kuma kuɗin da aka binne a ƙasa ba ya ƙara ko ɗaki ɗaya da za a ba da haya. In da rancen banki aka yi aikin, ga kuɗin ruwa na watannin da aka ɓata ana jiran ciko ya zauna. Kuɗin binciken kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na kowane ɗaya daga cikin waɗannan alkaluma.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nasa lissafin dabam, kuma an fi yin sakaci da shi. Abu na farko shi ne zurfinsa, wanda ya kamata a auna a tsakiyar damina, wajen Yuni ko Yuli, ba a lokacin rani ba. In ruwa yana kusa, ramin masai da na tsotse ruwan wanka ba za su yi aiki ba, ƙazanta za ta riƙa dawowa, kuma tankin da aka binne yana iya tasowa in babu komai a cikinsa, abin da masu gina gidajen mai suka sani sarai. Na biyu shi ne abin da ke cikin ruwan. Gishirin teku yana ratsa kankare ya kama rodi da tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Maganinsa kankare mai kauri da yawan siminti, wato ƙarin kuɗi. Sannan ga ruwan sha. A sassa da dama na Lekki rijiya marar zurfi tana ba da ruwa mai gishiri ko mai launin tsatsa, sai dai a haƙa burtsatse mai zurfi sosai a sa na'urar tacewa, ko a dogara ga motocin tanka. Ɗan haya yana cire wannan daga abin da zai yarda ya biya.

Tarihin fili ma abin tambaya ne. Wurin da ke kusa da jujin Olusosun a Ojota, ko tsohuwar masana'anta, ko hanyar bututun mai, yana buƙatar gwajin ruwa na musamman. Abin da ya faru a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas ya nuna iyakar wannan haɗari: rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin a rijiyoyin Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Haka kuma masu neman fili wajen Isheri da Kara da Ajegunle ta hanyar Ikorodu su tambaya game da kogin Ogun, wanda yakan malale unguwannin in an saki ruwa daga madatsar Oyan, kamar yadda aka gani a 2010 da 2019.

Ba kowane ginin da ya rushe ne laifin ƙasa ba. Benen mai hawa 21 da ya faɗi a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutane fiye da 40, kuma bayanan hukuma sun nuna hawa 15 aka ba shi izini. Abin lura ga mai jari shi ne, rahoton ƙasa ana rubuta shi ne don wani nauyi na musamman. In aka ƙara hawa bayan an zuba harsashi, rahoton ya daina aiki.

Gwamnatin Legas tana neman rahoton binciken ƙasa a cikin takardun neman izinin gina benaye, kuma tana da ɗakin gwajin kayan gini nata. Sai dai wannan mataki yana zuwa ne bayan an riga an sayi fili. A ganina, mai saye ya nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa zai ba da kafin alkalami kawai, a ba shi makonni kaɗan ya kawo injiniya mai rajista da hukumar COREN ya huda ƙasar a wurare biyu ko uku, kuma in sakamakon bai yi ba a mayar masa da kuɗinsa ko a rage farashi. Ya guji rahoton da mai sayarwa zai miƙo masa na fulotin maƙwabta. Bankunan da ke karɓar irin waɗannan filaye a matsayin jingina su ma suna da dalilin neman ganin rahoton kafin su sa hannu, tunda su ne za su gaji tsagaggen gida in mai rance ya gaza biya.