Darasi na 18: Bukukuwan bazara a babban birnin Sudan

1. Daga Managil zuwa birni

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Nijar, ku ja shi gabas. Za ku ratsa Cadi, ku shiga Sudan. A can ma akwai Hausawa da yawa. Kakanninsu sun kama hanyar Makka ne da ƙafa, da jakuna, da raƙuma. Waɗansu suka yada zango a hanya, zango kuwa ya zame musu gida. Waɗansu kuma hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja mutane har bakin kogin Shuɗin Nilu. Garin da suka kafa kusa da Sinnar, har yau ana kiran sa Mai Wurno.

Ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu sunanta Jazira, wato tsibiri. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Aka haƙa magudanan ruwa, aka shiga noman auduga da dawa, daga baya aka ƙara da gyaɗa da alkama. A ƙarshen shekarun 1950 aka kai ruwan har ƙasar Managil, yamma da birnin Wad Madani. Hausawa sun yi aiki ƙwarai a waɗannan gonaki, sun kuma kafa ƙauyuka.

In ka bi kogunan nan biyu ka yi arewa, za ka tarar sun haɗu a Khartum, babban birnin ƙasar. Birane uku ne a wuri guda: Khartum, da Bahri, da Umdurman. Ruwa ne ya raba su, gadoji suka haɗa su. Mutanen ƙauyukan Jazira sun saba zuwa can don fatauci, ko karatu, ko ziyarar dangi, ko kallon biki.

2. Birnin da ke jiran la'asar

Bazarar Khartum ba wasa ba ce. A watannin Mayu da Yuni zafi yakan wuce digiri 40. Wani lokaci ƙura takan taso kamar bango ja, ta rufe gari duka. Mutanen Sudan suna kiran ta *habub*. Sai a watan Yuli damina ke sauka sosai, kogi ya fara cika.

To, yaya ake biki cikin irin wannan zafi? Mutanen birnin sun san dabara. Da rana kowa ya nemi inuwa. In la'asar ta yi sanyi, sai a yayyafa ruwa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. Kusan duk wani taro na birnin, daga la'asar zuwa dare ake yin sa.

3. Me ya sa Salla take yawo?

Akwai bukukuwan da ba sa tsayawa a lokaci guda. Shekarar rana tana da kwana 365. Shekarar wata, wadda Musulmi ke ƙirga azumi da Salla da ita, tana da kwana 354. Bambancinsu wajen kwana 11 ne. Saboda haka kowace shekara Salla takan riga ta bara zuwa da wajen kwana 11.

Ga misali. A 2016 an ɗauki azumi a farkon Yuni. A 2019 an ɗauka a farkon Mayu. A 2023 kuwa a ƙarshen Maris. Babbar Salla ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024, ta faɗo ranar 6 ga Yuni a 2025. Sai bayan shekara 33 ko kusa da haka Salla take kewayowa inda ta faro. Yaron da ya yi Sallar fari cikin bazara, zai yi wata cikin sanyi, ya yi wata cikin damina, kafin furfura ta fito masa.

4. Shan ruwa a bakin titi

Azumin bazara akwai wuya, amma a Sudan wata ne na zumunci. Tun kafin ya kama, mata sukan taru su yi wani abin sha mai suna *hilu-mur*, wato mai zaƙi da ɗaci. Da tsiron dawa ake yin sa, da kayan yaji. Ana toya ƙullun falle-falle a kan faranti mai zafi, a busar, a ajiye. In za a sha sai a jiƙa shi, a tace, a zuba sukari. Akwai kuma zoɓo, da tsamiya, da ruwan kwalba da nono na ƴaƴan kuka, duk irin namu.

In magariba ta kusa, maza ba sa zama cikin gida. Kowane magidanci yakan fito da tirensa bakin titi. Mai shi da marar shi, tabarma ɗaya suke zama. Ana cin tuwon da suke kira *asida* da miyar busasshiyar kuɓewa. Duk baƙon da ya zo wucewa, sai an tsayar da shi.

Ƙauyukan Jazira sun fi kowa suna a wannan al'ada. A kan babbar hanyar Khartum zuwa Wad Madani, samari da dattawa sukan tsaya tsakiyar kwalta. Wani lokaci har rawani sukan warware, su gitta a hanya. Dole direba ya tsaya, fasinja su sauka su sha ruwa. Ba a tambayar sunan baƙo, ba a tambayar ƙabilarsa.

Ranar Salla, bayan an sauko daga idi, maƙwabta sukan bi gida gida suna neman gafarar juna. A Babbar Salla ana gasa naman layya a kan garwashi, ana shan wani abin sha na dabino mai suna *sharbot*.

5. Mauludi a filin Halifa

Babban bikin shekara na Umdurman shi ne Mauludi. Ana yin sa a wani fili mai faɗi da ake kira filin Halifa, kusa da hubbaren Mahadi. An sa wa filin sunan Halifa Abdullahi ne, wanda ya yi mulki a birnin daga 1885 zuwa 1898.

Ana buɗe bikin da jerin gwano, da tutoci, da ganguna. Daga nan sai a yi dare goma sha biyu ana taro. Kowace ɗariƙa takan kafa rumfarta: Ƙadiriyya, da Tijjaniyya, da Sammaniyya, da Hatmiyya, da sauransu. A wata rumfa ana karanta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A wata ana bege da bandiri. A wata kuma ana zikiri cikin sahu. Fitilu ko'ina, ƙamshin turare ko'ina.

Yara kuwa, idonsu yana kan masu alewa. Akwai ta riɗi kamar kantunmu, akwai ta gyaɗa. Akwai kuma ƴartsanar sukari mai ado, wadda ake kira amaryar Mauludi, ita ake saya wa ƴan mata. Yara maza kuma a saya musu dokin sukari.

Mauludi ma yawo yake yi. A 2025 ya faɗo a farkon Satumba, ƙarshen damina. Yana ta matsowa baya, wajen 2032 zai shigo watan Yuni.

6. Kokowa da ƙwallo

A unguwar Hajj Yusuf, gabas da kogi, akwai filin kokowa. Kafin 2023, ranar Juma'a da la'asar yakan cika maƙil. Mutanen duwatsun Nuba ne suka kawo wannan kokowa birni. A garuruwansu bayan girbi ake yin ta, kamar yadda mu ma muke yi da kaka. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa, shi ya ci. Sai a ɗaga shi sama, a kewaya fili da shi, ƴan kallo suna manna masa kuɗi a goshi. Wannan bai tuna muku da gasar Takobi ta Nijar ba, wadda aka fara a Tawa a 1975?

Umdurman kuma gidan ƙwallo ne. Manyan ƙungiyoyinsa biyu ne: Al-Hilal mai shuɗin kaya, da Al-Marrik mai ja da rawaya. Ranar da za su kara, gari yakan rabu biyu, har wa da ƙane sukan ja daga. A 1989 Al-Marrik ta ci wani kofin Afirka, bayan ta doke Bendel United ta Nijeriya. A Khartum aka yi gasar kofin ƙasashen Afirka ta farko a 1957. A 1970 aka sake yin ta a Sudan, aka buga waɗansu wasannin a Wad Madani. Sudan ce ta ɗauki kofin, ta ci Gana ɗaya da nema.

7. Shekarar da birni ya yi tsit

Ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, saura kwana shida Salla, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasa da rundunar RSF. Yara da yawa an riga an ɗinka musu kayan Salla, amma ba su sa su a gida ba. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Aka rufe makarantu. Filin kokowa ya zama kango, ganguna suka yi shiru.

Da yawa daga cikin masu gudu Jazira suka nufa. Ƙauyukan da suka saba tare matafiyi don shan ruwan dare ɗaya, sai ga su da baƙin wata da watanni. A Disamba 2023 yaƙin ya iso Wad Madani. Mutane suka sake ɗaukar kaya, waɗansu suka fake a Managil. Al-Hilal da Al-Marrik ma sun bar gida. A kakar wasa ta 2024 zuwa 2025, a ƙasar Muritaniya suka buga gasa.

A Janairu 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani, a Maris suka karɓe tsakiyar Khartum. Mutane suka fara komowa, suna share gidaje, suna neman maƙwabtansu, ko da yake a wannan shekara faɗa bai ƙare ba a yammacin ƙasar. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mutanen Khartum sun jure zafin rana shekara da shekaru, bai hana su biki ba. Yaƙi ne kaɗai ya hana su.

Abin riƙewa

Akwai Hausawa a ƙasar Jazira ta Sudan. Bukukuwan Musulunci suna bin shekarar wata, don haka suke kewaya bazara da damina da sanyi. A Khartum ana yin taro da yamma saboda zafi. Biki ba ya yiwuwa sai da zaman lafiya.

Mu koyi Faransanci

bazara : la saison chaude
damina : l'hivernage
biki : la fête
kokowa : la lutte
madatsar ruwa : le barrage
baƙo : l'étranger, l'hôte
zaman lafiya : la paix

Tambayoyi

1. Mene ne ya kai Hausawa ƙasar Sudan? Kawo dalili biyu.
2. Waɗanne birane uku ne suka haɗu suka zama babban birnin Sudan?
3. Don me ake yin taro daga la'asar zuwa dare a Khartum?
4. Yaya mutanen Jazira suke tsayar da matafiya cikin azumi?
5. Me ake saya wa yara a filin Mauludi?
6. Me ya faru ranar 15 ga Afrilu 2023?

Aiki

1. Lissafi: Babbar Salla ta faɗo ranar 6 ga Yuni a 2025. Ka rage kwana 11 sau uku. A wane wata za ta faɗo a 2028?
2. Ka tambayi kakanka ko kakarka a wane lokaci na shekara suka yi azuminsu na fari. Ka rubuta amsar cikin jimla biyar.
3. Ka zana kogunan Nilu biyu, ka nuna Khartum, da Wad Madani, da Managil.